Layi Na Talatin Da Ɗaya

GIDAN TASHA
Shafi na 19

Ga waɗanda suka same mu a hanya: Gidan Tasha tsohon sito ne na ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa a unguwar Sentul, a Malesiya. Shekara shida ke nan da masu zane, makaɗa da masu buga hoto a yadi suka shiga suka zauna ba da izinin kowa ba. Gidan ba shi da shugaba. Duk wanda ya shigo yakan ajiye sunansa a waje, ya ɗauki sunan wata tashar jirgi. A shafin da ya wuce, Baba Selvam, tsohon maƙerin da ya buɗe musu ƙofar tun farko, ya kwanta a asibiti da korona, kuma jami'ar lafiya ta bugo wayar gidan.

*

Juma'a, ƙarfe goma na safe.

Kujera huɗu a tsakar siton, tsakanin kowace da kowace taku uku. Ta biyar, ta Baba Selvam, tana jingine da bango, tawul ɗinsa na rataye a kanta.

A ƙasa, tsakiyar kujerun, akwai guduma. A taron gidan, mai riƙe da ita ne kaɗai ke magana. Kuma idan mutum ɗaya ya ce a'a, maganar ta mutu.

Ƙauna ce ta fara ɗauka. Ita ke kula da bakin ƙofa tun da aka sassauta dokar kulle a watan Yuni, ita ce kuma ta amsa wayar jiya.

"Jami'ar ta ce tana son sunayen duk wanda ya shigo gidan nan ranar Asabar. Cikakken suna da lambar waya. Za ta zo da kanta yau da ƙarfe uku."

Da Turanci ta faɗa, saboda Suraya, 'yar Malesiya mai buga hoto a yadi, ba ta jin Hausa.

"Mutum nawa?" in ji Suraya.

"Talatin da ɗaya, har da mu."

"Wa ya ba ta lambar gidan?"

"Baba Selvam, kafin su sa masa na'urar numfashi. Ya gaya musu inda ya wuni. Da suka tambaye shi sunayen mutanen, ya ce shi da sunan tasha ya san su."

Noah, mai haɗa sauti, ya yi 'yar dariya a cikin takunkuminsa, ya kuma katse ta da kansa.

Bukuru ya miƙo hannu. Ƙauna ta shafa wa ƙotar gudumar man kashe ƙwayoyin cuta, ta ajiye a ƙasa, ta tura masa da ƙafa.

Shekarunsa arba'in da takwas, ɗan Filato ne, masassaƙi. Shi ya zo da dokokin gidan daga Norway, inda ya yi shekara bakwai a irin wannan gida. Sauran ukun sun daɗe da sanin sunayen juna na yanka, suna kiran juna da su in ba baƙo. Nasa ne ba wanda ya sani.

"Tana son littafi, a ba ta littafi," ya ce. "Kafanchan, ɗauko shi."

Ƙauna, wadda Kafanchan ne sunanta na tasha, ta ɗauko littafin bakin ƙofa, wanda dokar hukuma ta ce kowane wuri ya ajiye. Ta buɗe shafin Asabar ta karanta.

"Gemas, ƙarfe tara da minti goma, zafin jiki talatin da shida da ɗigo biyu. Nguru, tara da rabi. Ipoh. Zonkwa. Kluang. Minna."

"Kamar jadawalin jirgi," in ji Noah. "Saura a rubuta wanda ya makara."

"Guduma ba ta hannunka," in ji Bukuru. "Mun ajiye littafi kamar yadda aka ce. Mun auna zafin jiki. Ba mu karya komai ba."

"Gurbin lambar waya babu komai," in ji Ƙauna.

"Haka taro ya yanke a watan Yuni. Kina nan."

"Ina nan. A watan Yuni babu wanda ke kwance."

Ba ta san lokacin da ta koma Hausa ba. Shi ma da Hausar ya amsa.

"To me kike so? Ko mun yarda, ba mu da sunayen. Abin da ba mu da shi ba za mu bayar ba. Amfanin dokar ke nan."

Suraya ta buga tafin hannu a cinyarta.

"Ku yi yadda zan ji mana."

"Ki bar su," in ji Noah, ya matsa da kujerarsa kaɗan wajenta. "Wannan ba zai yiwu da Turanci ba. Ni zan riƙa gaya miki."

Ƙauna ta tashi. Ta nufi teburin buga yadi, ta ɗaga firam uku, ta zaro wani ƙaramin littafi mai koren bango, gefensa duk tawada. Ta dawo ta zauna, ta ɗora shi a gwiwa.

"Muna da su," ta ce.

Bukuru ya dubi littafin. Ya daɗe yana dubansa.

"Mene ne wannan?"

"Sunaye. Yadda suke a fasfo ko katin shaida. Da lambar waya, da unguwa."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da muka sake buɗewa."

"Ta yaya?"

"In mutum ya rubuta tasharsa ya tafi famfo wanke hannu, sai in bi shi. In ce masa ni kaɗai zan riƙe, ba zan fito da shi ba sai in ciwo ya shigo gidan."

"Kuma suka ba ki."

"Ba wanda ya hana ni."

Noah ya daina fassara. Ya juyo gaba ɗaya.

"Tsaya, Sista. Kowa kika tambaya?"

"Kowa."

"Ni na ɗauka ni kaɗai ne! Wata bakwai ina riƙe da sirri. Har na fara tunanin ko sona kike."

Ba wanda ya yi dariya. Suraya ta dubi koren littafin, ta gane ba sai an fassara mata ba, ta sunkuyar da kai. Nata ma yana ciki.

Bukuru ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wato ni kaɗai ne a gidan nan nake bin dokar gidan nan."

"Yaya Bukuru..."

"A nan babu yaya."

"To, Bukuru. Kai ne ban tambaya ba. Na san amsar."

Ya juya gudumar a hannunsa.

"Kin san abin da ke hannunki? Kamfanin da ke shari'a a kan filin nan shekara shida lauyansu yana zuwa bakin ƙofa da tambaya ɗaya. Wa ke da alhakin wurin nan? Shekara shida muna ba shi amsa ɗaya: dukanmu. Suna ɗaya yake nema da zai ɗora wa fasa ƙofa. Ke kin tara masa talatin, kin jera masa su a layi."

"Ba lauya zan ba ba. Ma'aikatan lafiya zan ba."

"Takarda ba ta san wanda aka ba ta ba."

"Mutum ashirin da shida sun zo ɗinka takunkumi da ƙulla abinci ranar Asabar. Baba Selvam ya zauna a tsakiyarsu awa huɗu yana yanka roba. Ya yi tari, muka ce ƙurar yadi ce."

"Ki kira su. Ki ce kowa ya zauna a gida kwana goma. Wannan ba ya buƙatar hukuma."

"Na kira su."

"Yaushe?"

"Tun ƙarfe shida na safiyar yau. Duka ashirin da shidan."

"Kafin taro."

"Kafin taro. Ban ba kowa sunansu ba. Tambayarsu na yi."

"Suka ce me?"

Ta buɗe littafin. A gefen kowane suna akwai alamar biro.

"Sun ce a bayar. Biyu sai da suka yi kuka. Ipoh ya zage ni ya kashe waya. Bayan minti goma ya kira ya ce in rubuta, saboda su takwas ne a ɗaki ɗaya. Kluang tana wanke kwanuka a shagon mamak, inda ake sayar da shayi da abinci. Ta ce wa mai shagon za ta killace kanta, ya ce ta nuna takarda ko ta zo aiki. Yanzu haka tana can tana wanke kofunan shayi."

"Sai ta ce ba ta da lafiya."

"Ta faɗa. Ya ce takarda."

Wayar Ƙauna ta yi ƙara a aljihunta. Doka ce a kashe waya a taro. Ta ciro ta duba.

"Nguru ce."

"Muna taro."

"Na sani."

Ta amsa, ta buɗe muryar yadda kowa zai ji, ta ajiye wayar a ƙasa kusa da inda gudumar ke zama.

"Maman Afnan, muna jin ki. Muna tare da mutanen gida."

Hureira ce, matar wani malami da ke karatun digiri na uku a Pantai Dalam. Duk Asabar takan hau jirgi biyu ta zo ta koya wa mata surfani. Muryarta ta fito a shaƙe.

"Salamu alaikum. Anti Ƙauna, mun dawo."

"An yi miki?"

"Ba a yi ba. Layin ya kai bakin titi. Da muka isa teburin, suka duba suka ce sunana ba ya cikin waɗanda aka turo. Waɗanda aka turo ake fara yi wa. Suka ce in koma gida, in numfashi ya yi wuya in dawo."

"Zazzaɓin fa?"

"Yana nan. Ni ba ta kaina nake ba. Afnan ce. Kin san asmarta. Ɗaki biyu ne gare mu, bayi ɗaya. Tun jiya na kulle kaina, tana bakin ƙofa tana turo min zane ta ƙasa. Abbansu ya rasa yadda zai yi, ya raba mu ko kada ya raba, ya je makaranta ko kada ya je."

Ta yi tari. Ya ɗauki lokaci kafin ya tsaya.

"Malam Bukuru yana nan?"

Bukuru ya gyara zama.

"Ina nan, Nguru."

"Malam, ka yi haƙuri, na san dokar gida. Shekara biyu ina zuwa, ba wanda ya taɓa tambayata matar waye ni, kuma wallahi abin da ya sa nake zuwa ke nan. Amma yau ina son a san ni. Sunana Hureira Abdulwahidu. A rubuta, a rubuta mijina, a rubuta 'yata. Don Allah."

"Na ji."

"Za a bayar?"

Bukuru ya kau da kai daga wayar.

"Za mu kira ki, Maman Afnan," in ji Ƙauna. "Ki sha ruwa. Allah ya sauwaƙe."

"Amin. Ku gaida Baba in kun samu hanya."

Layin ya katse.

Noah ya gama gaya wa Suraya a hankali. Suraya ta miƙa hannu, Bukuru ya tura mata gudumar.

"Ni na yarda a bayar," ta ce. "Ni 'yar ƙasa ce, abin da zai same ni kaɗan ne, na sani. Shi ya sa ba zan yi dogon bayani ba. Amma na yarda."

Ta ajiye. Ƙauna ta ɗauka.

"Na yarda."

Ta tura wa Noah. Bai ɗauka ba nan da nan. Kowa a wurin ya san makarantarsa ta Setapak ta rufe a watan Afrilu, bizarsa ta mutu a watan Agusta, kuma tun daga nan bai taka ko bakin kasuwar Sentul ba.

"A wuce ni tukuna," ya ce. "In ji ta bakin dattijo."

Bukuru ya ɗauki gudumar.

"A'a."



"Magana ta mutu," ya ce. "Haka dokar take."

"Ka faɗi dalili," in ji Ƙauna. "Ita ma doka ce. Mai cewa a'a yana faɗin dalili."

"Na faɗa. Lauya."

"Wannan dalilin gini ne. Na san ka, ba a kan gini kake hana mace mai zazzaɓi gwaji ba. Shekara huɗu ina jin Norway, Norway. Ka gaya mana yadda ake taro a can, yadda ake raba shara, yadda ake kwana bi da bi don kada gida ya zama babu kowa. Ba ka taɓa gaya mana me ya fito da kai ba."

"Ba ya cikin abin da ake tattaunawa."

"Shi ne abin da ake tattaunawa."

Ya dubi kujerar Baba Selvam. Sannan ya ɗora gudumar a cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Noah, ka fassara mata daidai. Kada ka ƙara, kada ka rage."

"To."

"A Stavanger ne. Tsohuwar masana'antar kifin gwangwani, a bakin ruwa. Mu ashirin da biyu muke kwana. Ƙasa wurin kiɗa, sama ɗakunan zane. A shekarata ta bakwai wuta ta kama a kicin. Ƙarama ce, mu muka kashe ta da bargo."

Ya tsaya.

"Bayan kwana biyu masu duba gobara suka zo. Mutanen kirki. Sun cire takalmi a bakin ƙofa. Suka ce ba korarmu suka zo yi ba, so suke su san wa ke kwana a wane ɗaki, don in wuta ta tashi su san mutum nawa za su nema. Gaskiya suka faɗa. Har yau na yarda gaskiya suka faɗa."

"Wa ya ba su?" in ji Ƙauna.

"Makon aikina ne. Rubutuna ya fi na kowa kyau. Na zana taswirar gidan, na sa sunan kowa a ɗakinsa. Har da kala na yi."

Noah ya fassara. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Takardar ta tashi daga wannan tebur ta koma wancan. Ban san ta yaya ba, ban san wa ya miƙa ba. Bayan mako biyar wasu suka zo da safe, ba masu gobara ba. Ba su yi ta buɗe ƙofofi suna nema ba. Kai tsaye suka nufi ɗaki huɗu. Taswirata ce a hannunsu, na ga kalar."

"Mutum huɗu."

"Huɗu marasa takarda. Ɗaya Ado ne, mutumin Maraɗi, mai gurmi. Shi ya kai ni gidan lokacin ina kwana a tashar bas. Ya fito da silifas cikin ƙanƙara. Ya ce min, Bukuru, ka riƙe min gurmin kada sanyi ya fasa ƙwaryar. Bai san ni na rubuta ba."

"Ya sani daga baya?"

"Ban sani ba. An sa shi a jirgi. Lambarsa ba ta sake shiga ba."

"Mutanen gidan fa?"

"Sun yi taro. Suka ce ba laifina ba ne, kowa zai iya yin haka. Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da na iya zama."

Idon Ƙauna ya kai kan gurmin da ke rataye saman teburin sassaƙa, wanda ba a yarda kowa ya taɓa ba.

"Shi ya sa," in ji Bukuru. "Wanda ya karɓi suna yana iya zama mutumin kirki. Takardar ce ke tafiya. Na rantse ba zan sake zama a gidan da ake rubuta mutane ba. Ki duba gefenki. Wannan yaron a layi na nawa yake?"

"Na tara."

"Ke za ki riƙe masa kayan sautinsa?"

Noah ya miƙa hannu.

"Dattijo, ba ni gudumar."

Ya karɓa, ya auna nauyinta a tafinsa.

"Ni tsoro nake ji, kada wani ya ce ban faɗa ba. Mamata a Sabon Tasha ta gaya wa duk coci ɗanta injiniya ne a Malesiya. In aka sauke ni a Abuja da jaka ɗaya, ban san da wace fuska zan shiga gida ba."

Ya ja numfashi.

"Amma ranar Asabar ni na zauna kusa da Baba. Kofi ɗaya muka sha shayi, don na ƙi wanke nawa. Daga nan na je na gyara wa matan nan fanka, na tsaya a kansu ina ta surutu. In akwai wanda ya raba ciwon nan a gidan, ni ne na biyu."

"Ba a tabbatar ba."

"Shi ya sa nake son a tabbatar. Ado ba a tambaye shi ba, dattijo. Ni an tambaye ni. Sista, layi na tara ya zauna."

Ya ajiye gudumar a tsakiya.

"Uku sun yarda," in ji Ƙauna. "Bukuru?"

"A'a ta tana nan."

"To ni zan bayar."

"Kin san hukuncin wanda ya tsallake taro."

"Na sani. Ya bar gida. Na haɗa jakata tun safe, tana ƙarƙashin matakala."

Suraya ta ce wani abu da sauri.

"Kuma akwai abin da ba ki lissafa ba," in ji Bukuru. "Irin takardar nan tana da gurbi a sama. Mai alhakin wuri. Wa za ki sa?"

"Ni."

"Saura miki wata biyar ki ƙare digirinki."

"Na lissafa."

"Kafanchan..."

"Sunana Ƙauna. Babana direban jirgi ne, shekara talatin. Ya ce min in jirgi ya faɗi, abu na farko da ake nema takardar fasinjoji ce, don a san wa za a tono. Ni ban karya dokarka don raini ba. Na ga ranar nan tana zuwa ne."

Aka buga ƙofar ƙarfe. Sau uku.

Noah ya duba agogo. Sha biyu saura kwata.

"Uku ta ce."

Suraya ta leƙa ta ramin ƙofar, ta juyo.

"Su ne. Farar mota. Mace ɗaya, namiji ɗaya, cikin rigar leda."

Ƙauna ta ɗauki littattafan biyu. Bukuru bai motsa daga kujerarsa ba. Suraya ta zare sakata.

Jami'ar ta tsaya taku biyu daga bakin ƙofa, fuskarta a bayan gilashin roba. Ta ce sun gama da wani bene a nan kusa ne, suka ga gara su biyo. Ta yi maganar da ladabi, da muryar wadda ta gaji.

Ƙauna ta miƙa littafin bakin ƙofa, sannan ta miƙa koren.

Jami'ar ta buɗe na farkon. Ta karanta layi uku, ta ɗago ta dubi Ƙauna, ta koma. Ta buɗe na biyun ta haɗa su gefe da gefe, tana bi da bayan biro. Abokin aikinta yana ɗaukar hoton shafukan.

"Wannan Nguru?"

"Hureira Abdulwahidu. Tana da zazzaɓi, 'yarta tana da asma. Don Allah a fara da ita."

"Boleh," in ji jami'ar, wato zai yiwu, ta yi alama. Ta ci gaba da ƙirga har ƙasa. Ta sake ƙirgawa.

"Nan talatin da ɗaya. Nan talatin."

Jami'ar ta ɗora bayan biron a ƙasan shafin.

"Layin ƙarshe. Bu-ku-ru. Babu suna, babu lamba. Wane ne?"

Suraya ce ta fara ganin motar. Ta taɓa hannun Ƙauna, ta yi nuni da haɓa.

A tsallaken titi, bayan farar motar, wata mota mai ruwan toka ta tsaya. Duk mutanen gidan sun san ta. Maigadin benen da ke kallonsu yana tsaye kusa da ita, waya a hannu. Lauyan kamfanin ya fito, ya gyara takunkuminsa, ya tsallako ba gaggawa, ya tsaya a inda zai ji komai.

Jami'ar ba ta waiwaya ba. Ta zaro takarda daga allonta.

"Sannan ina buƙatar sunan mai alhakin wurin nan. Mutum ɗaya."

Shekara shida amsar tana bakin kowa. Suraya ta dubi ƙasa.

Ƙauna ta miƙa hannu ta karɓi biron.

Daga bayansu aka ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. An ajiye guduma.

"Ƙauna, ba ni biron."

Bai taɓa kiranta da sunan ba.

Bukuru ya wuce tsakaninta da Noah, ya tsaya a dokin ƙofa. Ya dubi lauyan. Lauyan ya ciro waya daga aljihu, ya ɗaga ta.

"Layi na talatin da ɗaya ni ne," in ji Bukuru da Turanci, a hankali, yadda za a iya rubutawa. "Gurbin sama ma ni ne."

"Suna?" in ji jami'ar.

"Haggai Nendi Gofwen."

Jami'ar ta karɓi bironta, ta rubuta.

"Lambar fasfo?"

Ya sake duban lauyan.

"Malam Haggai, lambar fasfo?"

"Ba ni da shi," ya ce. "Shekara tara ke nan."

Lauyan ya matso taku ɗaya.